Auna Ratsuwar Ƙasa a Binciken Gurɓacewar Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin waɗanda abin ya shafa: mai unguwar da rijiyoyinsa suka fara warin fetur, mai gidan man da aka ce tankinsa na yoyo, ɗaliban ilmin ƙasa, da ma'aikatan muhalli da aka miƙa wa rahoton ɗan kwangila aka ce su sa hannu. An fara da na sama-sama, sannan aka nutsa.

1. Mece ce ratsuwar ƙasa?

Ka juye bokitin ruwa a kan yashin rafi, kafin ka ajiye bokitin ya shanye. Ka juye wani a kan laka ta fadama, ka dawo da la'asar ka tarar da shi kwance. Wannan bambanci shi ake nufi da ratsuwa: sauƙi ko wahalar da ruwa yake sha wajen bin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Injiniyoyi suna rubuta ta da harafin K, suna auna ta da mita a rana ko mita a daƙiƙa.

Kada a rikita ta da yawan ruwan da ƙasa take riƙewa. Laka ta fi yashi riƙe ruwa, sau da yawa kusan rabinta ruwa ne, amma ba ta saki. Yashi kuwa abin da ya riƙe bai kai haka ba, sai dai hannunsa a sake yake.

2. Me ya haɗa wannan da gurɓacewar ruwa?

Dafin da ya shiga ƙasa ba ƙafa gare shi ba, ruwa ne yake goya shi. Duk wanda ke binciken gurɓacewa abu uku yake nema: ina dafin ya nufa, yaushe zai isa rijiyar mutane, kuma ta yaya za a fito da shi ko a tare shi. Gwajin ruwa a ɗakin bincike yana nuna abin da ke cikin rijiya a ranar da aka ɗebo. Ba ya faɗin abin da zai iso baɗi. Wannan sai da K.

3. Yaya ake lissafa saurin tafiyar ruwan?

Da ƙa'idar Darcy. Henry Darcy injiniyan ruwa ne na birnin Dijon a Faransa. A 1856 ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da bututu cike da yashi, inda ya nuna cewa ruwan da ke ratsa yashin yana ƙaruwa daidai gwargwadon gangaren da ke tura shi. Har yau a kan wannan ake gini.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani kawai. An haƙa rijiyoyin sa ido, wato siraran rijiyoyin bututu da ake yi don auna ruwa da ɗiban samfuri, aka ga fuskar ruwa tana sauka santimita 50 a cikin tazarar mita 100, wato gangaren 0.005 ke nan. An auna K aka samu mita 10 a rana. A ninka su, a samu 0.05. Amma ruwa ba ya bin jikin ƙwayar yashi, kafofi kaɗai yake bi, kuma a yashi kafofin da ruwa ke gudana a cikinsu kamar rubu'in jikin ƙasar ne. Don haka sai a raba da 0.25, a samu santimita 20 a rana, kimanin mita 73 a shekara. Rijiyar maƙwabta da ke nesa da mita 150 tana da wajen shekara biyu.

Yanzu a taɓa K kaɗai. In mita 1 ce a rana, shekarun sun koma ashirin. In 100 ce, kwana 75 ne. Shi ya sa ba a yarda a ɗauko K daga teburin littafi a ce an gama. A kuma lura: rijiya biyu ba sa nuna inda ruwa ya dosa, sai aƙalla uku da aka jera kamar duwatsun murhu, aka kuma auna tsayin bakin kowacce da na'urar safiyo. Gangaren saman ƙasa ba kullum yake dacewa da na ruwan da ke ƙarƙashi ba, musamman in akwai babbar burtsatse a kusa da ke janyo ruwan zuwa gare ta.

4. Ina iyakar bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa?

Ya wuce yadda hankali ke zato. Tsakuwa mai tsabta tana kai ɗaruruwa har dubban mita a rana. Yashi daga mita ɗaya zuwa ɗari ko fiye. Laka mai kyau, irin wadda ake shimfiɗawa a gindin ramin zubar da shara na zamani, ana so kada ta wuce kashi ɗaya cikin biliyan na mita a daƙiƙa, wato kamar santimita uku a shekara. Saboda wannan faɗi, masu aikin ba sa jayayya a kan 8 ce ko 10. Abin da suke tambaya shi ne 1 ce, 10 ce, ko 100.

5. Ba za a iya ɗebo ƙasar a kai ɗakin gwaji kawai ba?

Ana yi, hanya uku. Ta fi kowacce arha ita ce tankaɗe: a busar da yashi a wuce da shi ta jerin rariyoyi, a gano girman ƙwayar da kashi goma cikin ɗari na samfurin suka fi ta ƙanƙanta, a sa a lissafin da Allen Hazen ya fitar a 1892. Yana aiki ga yashi mai tsabta kaɗai. Da zarar akwai laka a ciki, a manta da shi. Ta biyu, a cusa samfurin cikin silinda a riƙa tura ruwa da matsi tsayayye ana auna abin da ke fita, wannan ga yashi da tsakuwa. Ta uku, ga ƙasa mai laushin ƙwaya, a cika siririn bututu da ruwa a bar shi yana sauka a hankali ana duba agogo.

Matsalar ita ce samfurin bai wuce girman gwangwanin madara ba. Tsagewar da ke jikin laka, ramin gara, hanyar tsohuwar saiwa, duk an baro su a fili, alhali nan ne ruwa yake bi. Kuma samfurin da aka ciro da bututu a tsaye yawanci ratsuwar sama zuwa ƙasa yake nunawa, wadda a ƙasa mai hawa-hawa takan gaza ta kwance sau goma ko fiye. Wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: ɗakunan gwaji suna mayar da sakamako zuwa zafin digiri 20, ruwan ƙasa a ƙasashe masu zafi kuwa yana kusa da 30, kuma ruwa mai ɗumi ya fi tsinkewa, har K takan ƙaru da kusan rubu'i.

6. Mene ne gwajin da ake kira silog?

Shi ne gwajin da aka fi yi a wuraren da suka gurɓata. Ana samun sandar roba da aka cika da yashi aka toshe bakinta, a zurma ta farat ɗaya cikin rijiyar sa ido. Ruwan sai ya yi tsalle sama, sannan ya riƙa komawa mazauninsa. Idan ya natsa, a fizge sandar, ruwan ya faɗa ƙasa, a sake auna yadda yake hawowa. A bututu mai faɗin milimita 50, sandar da ta kai girman lita ɗaya tana ɗaga ruwa wajen santimita 50, kuma wannan ya wadatar.

Saurin komawar shi ne amsar. A yashi cikin 'yan daƙiƙu an gama, don haka tef na hannu ba zai riske shi ba, sai an rataya na'urar da ke rubuta matsin ruwa da kanta. A laka mutum zai iya kwana biyu yana jira. Ana fassara alƙaluman da hanyar Hvorslev ta 1951, wadda ke duba lokacin da sauran tazarar ta koma kashi 37 cikin ɗari na farkonta, ko ta Bouwer da Rice ta 1976. A maimaita sau uku; in amsoshin ba su yi kusa da juna ba, rijiyar ce ke da matsala, duba tambaya ta 8.

Abin da ya sa ake ƙaunarsa: ba ya fito da gurɓataccen ruwa ko ɗigo, kuma mutum biyu za su yi rijiyoyi da dama a yini. Rauninsa: abin da yake gani bai wuce ɗan kewayen bututun ba.

7. To gwajin jan ruwa fa, wanda masu burtsatse ke ce wa famfin tes?

Shi ya fi ganin nesa. Ana jan ruwa da ƙarfi ɗaya ba tsayawa, yawanci awa 24 zuwa 72, ana auna yadda ruwa ke sauka a rijiyar da ake ja da kuma rijiyoyin da ke kewaye, sannan a kashe famfo a auna dawowarsa. Lissafin Theis na 1935 da sauƙaƙƙen salonsa na Cooper da Jacob na 1946 su ake amfani da su. Wanda ake yi wa sabuwar burtsatse na 'yan awoyi don a ga ko za ta ɗauki famfo, wani abu ne daban. Ba tare da rijiyoyin sa ido ba, rabin labarin kawai za a ji.

A wuri mai dafi akwai abin lura biyu. Famfon da ke jan lita ɗaya a daƙiƙa zai tara lita 86,400 a kwana ɗaya, kuma ba a kwata za a zuba su ba, dole a tanadi tankuna da hanyar tacewa. Na biyu, jan da kansa yana iya janyo dafin zuwa inda bai kai ba. Saboda haka ba da shi ake fara bincike ba. Ana yin sa ne idan an riga an san iyakar gurɓacewar kuma ana shirin kafa famfunan tsabtacewa.

8. Gwaje-gwaje sun ba da amsoshi daban-daban. Wanne za a gaskata?

Haka aka saba gani: na ɗakin gwaji ya fi ƙanƙanta, silog a tsakiya, jan ruwa ya fi girma. Ba lallai wani ya yi kuskure ba. Iya faɗin ƙasar da gwaji ya taɓa, iya yiwuwar ya haɗu da wata hanya mai sauri. Amma kafin a yarda da ƙaramar amsa daga silog, a tambaya ko an wanke rijiyar sosai bayan haƙa. Taɓon haƙa yana shafe bangon rami kamar yaɓe, kuma rijiyar da ba a wanke ba ratsuwar yaɓen take nunawa. Na taɓa ganin rahoton da ya kira ƙasar wani fili mai wuyar ratsuwa, alhali takardar haƙan da ke shafi na gaba ta ce yashi ne zalla.

Kuma kada a tara amsoshi a raba a ce ga matsakaici. Dafi ba ya tafiya da matsakaici. Siririn layin tsakuwa mai kaurin tafin hannu a cikin mita biyar na laka shi zai ɗauki kusan dukan ruwan. An tabbatar da irin wannan a manyan gwaje-gwajen fili, kamar na sansanin sojan sama na Columbus a jihar Mississippi ta Amurka, inda sinadarin da aka zuba don bin sawu ya ƙi bazuwa yadda lissafin matsakaici ya hango: mafi yawansa ya maƙale kusa da inda aka zuba, kaɗan kuma ya yi nisa ƙwarai. Irin wannan matsala ce ta sa ake amfani da sandunan da mota ke dannawa cikin ƙasa suna fesa ruwa suna auna matsinsa santimita bayan santimita, don a ga kowane layi da kansa.

9. Hanya ɗaya ce ta dace da ko'ina?

A'a. Kano da Zariya da Kaduna a kan tsohon dutse suke zaune. Ruwansu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. A irin wannan wuri burtsatse biyu da ke tazarar mita ashirin, ɗaya ta yi ambaliya ɗaya ta bushe, kuma dafi yakan bi tsaga ya ɓulla inda ba a zata ba. A nan ana toshe sashen rami sama da ƙasa da balan-balan na roba, a tura ruwa cikin sashen kaɗai, a gane wace tsaga ce ke sha. Gwajin yana ɗauke da sunan Maurice Lugeon, masanin duwatsu ɗan Suwizalan. Zuba gishiri ko rini marar illa a rijiya ɗaya a jira shi a wata ma yana da amfani sosai.

Maiduguri da sauran kwarin Chadi, haka ma yankin Sakkwato har cikin Nijar, yashi da laka ne hawa-hawa, kuma nan ne lissafin littafi ya fi zama daidai. Fadama kuwa ruwanta a kusa yake, yashinta a buɗe, ta fi ko'ina saurin kamuwa. Marmara ma kada taurinta ya ruɗi kowa, jikinta cike yake da ramuka.

10. Saben lantarki da ake yi kafin haƙa burtsatse bai isa ba?

Bai isa ba. Abin da yake aunawa shi ne yadda ƙasa ke barin lantarki ya wuce, ba ruwa ba. Laka tana barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, ita ce kuma ta fi hana ruwa. Saben yana taimakawa wajen zaɓen inda za a haƙa rijiyoyin sa ido, iyakarsa ke nan.

11. An ce mana akwai laka a ƙarƙashin filin, don haka ruwan ƙasa ya tsira. Gaskiya ne?

A nemi shaida. Wannan zato ya taɓa jawo babbar asara a Nijeriya. A ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas an daɗe ana tsabtace wuraren da mai ya malala ta hanyar kafce saman ƙasa a bar ƙwayoyin halitta su cinye man, bisa tunanin cewa laka ta hana shi nutsewa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Agusta 2011, bayan an haƙa rijiyoyin sa ido 142, ya nuna babu wata shimfiɗar laka da ta game yankin ba yankewa. An sami mai a zurfin mita biyar a wurare da dama. A Nisisioken Ogale an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin mutane ke ɗiba, sinadarin benzin, wani dafi da ke cikin fetur, kuma ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Kitso aka yi ta yi a kan ƙwarƙwata.

Don haka tambayoyin su ne: a ramuka nawa aka ga lakar, kaurinta nawa, an auna ratsuwarta daga sama zuwa ƙasa, kuma babu tsohuwar rijiya ko salga da ta huda ta?

12. Kowane dafi da saurin ruwa yake tafiya?

A'a, lissafin tambaya ta 3 saurin ruwa ne. Gishiri da naitiret, wanda ke fitowa daga masai da takin zamani, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwa. Dalma tana manne wa ƙasa. Shi ya sa a ƙauyukan Zamfara da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, babban aikin shi ne kankare saman ƙasar gidaje a maye ta da mai tsabta. Kuromiyam, wanda masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa a Kano ke aiki da shi, fuska biyu gare shi: nau'in da ake jima da shi bai cika motsi ba, amma in ya rikiɗe zuwa ɗaya nau'in yana bin ruwa, kuma ya fi illa.

Fetur da gas sun fi ruwa sauƙi, suna kwanciya a samansa suna sakin benzin a hankali. Wasu sinadaran wanke ƙarfe da na wankin kaya ba da ruwa ba sun fi ruwa nauyi, suna nutsewa har sai sun tarar da laka, sannan su bi gangarenta ko da ruwa wani wajen ya nufa.

13. Ta yaya K ke zaɓar hanyar tsabtacewa?

Kusan duk hanyoyin suna bukatar a motsa wani abu cikin ƙasa: ruwa, iska ko magani. A yashi ana iya jan ruwan a tace shi a sama, kuma K ce ke faɗin famfo nawa, tazara nawa, ƙarfi nawa. Ana iya zuƙe tururin fetur daga busasshiyar ƙasar da ke saman ruwa, amma wannan gwajin ratsuwar iska yake bukata, ba ta ruwa ba. Ana iya tura sinadarin da ke ƙone dafin, sai dai shi ma hanyar da ta fi sauƙi zai bi.

Akwai kuma katangar garin ƙarfe da ake binnewa a gaban dafi ya ratsa ta ya lalace, wadda masu bincike na Jami'ar Waterloo suka gwada a Borden ta Kanada a 1991. Dole ta fi ƙasar kewaye ratsuwa, in ba haka ba ruwan ya zagaye ta. A laka kuwa famfo aikin baban giwa ne. In zurfin bai yi yawa ba, a haƙe a kwashe. In ya yi, a killace a sa ido.

14. An yi ta jan ruwa har ya yi tsabta, da aka kashe famfo dafin ya dawo. Me ya faru?

Lakar da ta ƙi barin ruwa ya wuce ba ta ƙi shan dafi ba. Shekara da shekaru yana tsuma cikinta, kamar baba a jikin zane. Famfo ya wanke yashi cikin watanni, sai lakar ta fara mayar da abin da ta sha. Wanda ya auna yashi kaɗai ya ƙyale laka zai yi alkawarin shekara biyu a aikin da zai ci ashirin. Saboda haka ba a rufe aiki ranar da aka kashe famfo. A ci gaba da ɗiban samfuri aƙalla damina ɗaya da rani ɗaya.

15. Da damina ya kamata a auna ko da rani?

K ta ƙasar da ke cikin ruwa ba ta sauyawa da yanayi. Abin da ke sauyawa shi ne tsayin ruwan da gangarensa, wani lokaci har da inda ya dosa, musamman kusa da kogi. A auna tsayin ruwa a ƙarshen damina da kuma a tsakiyar bazara. Hawa da saukar nan ne ke shafa man da ke yawo a jikin ƙasa, shi ya sa wasu rijiyoyin sai damina ta yi nisa suke wari.

Wannan ya shafi mai gida ma. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A ƙasa mai laushin ƙwaya wannan ya wadatar. A tsakuwa ko tsagaggen dutse ba lallai ba ne, kuma tsayin ruwan watan Satumba za a duba, ba na Afrilu ba.

16. An kawo mini rahoto. Me zan duba kafin in sa hannu?

Takardar haƙan kowace rijiya, da zurfin da aka sa sashen bututu mai huji. In sashen ya yi tsawo har ya haɗa yashin sama da na ƙasa, amsar gauraye ce, kuma rijiyar da kanta ta zama hanyar da dafi zai sauka. Rijiyar bincike da ta huda laka dole a toshe kewayenta da siminti ko yumɓun bentonait. Sai ainihin alƙaluman lokaci da tsayin ruwa, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, da sunan hanyar lissafin. Sai ma'aunin: mita a rana ne, mita a daƙiƙa, ko santimita a daƙiƙa? Tsakanin na farko da na biyu akwai ninki 86,400, kuma ana yin wannan kuskure.

In malalar mai ce, NOSDRA, hukumar tarayyar Nijeriya mai kula da malalar mai, ita ce ke da hurumi. Sauran gurɓacewar masana'antu kuwa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Rahoton da ya kawo K guda ɗaya tak ga dukan fili, a mayar wa mai shi ya kawo mafi girma da mafi ƙanƙanta, da zurfin da aka sami kowacce.